Gezar Hajiya Babba

Duk macen da ta taɓa zama a gaban Anti Yelwa ba ta manta hannunta. A falonta take kitso, can saman wani dogon bene na council, gidajen hayar hukuma, a unguwar Edmonton ta London, kuma in ta kama gashi, to ta kama ke nan. Za ki tashi girarki ta ɗage sama kamar wadda aka ba labarin mamaki, ki yi kwanaki dariya ma sai da dabara, amma kitson nan zai daɗe har ki gaji da shi bai tashi ba. Shi ya sa mata suke tsine wa hannun, suna kuma dawowa. Daga Lewisham ake zuwa, daga Thamesmead ake haɗa bas da jirgin ƙasa: matan likitoci, ɗalibai, 'yan Jos, 'yan Kumasi. Kika yi motsi, bayan mataji zai sauka a ƙeyarki ko matar wa ce ke. In kika yi ƙorafi ta ce, “In daɗi kike so, ga kujera can, je ki kwanta.”

'Yar Malumfashi ce, a gindin kakarta ta koyi sana'ar. Mijinta ta biyo London, Malam Nata'ala, wanda ya zo karatun da aka ce ba zai daɗe ba, ya ɓuge da tuƙin jan bas har ya yi ritaya. Abin da ta sauka da shi bai wuce akwati guda ba, sai kibiyar tsaga ta ƙarfe da gwangwanin man kaɗanya. Sanyin farko a bakin taga ta cinye shi tana kuka. Wata rana a cikin lif ɗankwalinta ya zame, wata mata 'yar Kafanchan mai suna Damaris ta ga shukun da ke kanta, ta ce da Hausa, “Kai! Wa ya yi miki wannan a ƙasar nan?” Yelwa ta ce ita ta yi wa kanta. Ranar ta samu abokiyar ciniki ta farko, ta kuma samu ƙawar da har yau ƙofarsu ke kallon juna.

Ummi ce 'yarta ta fari, ita kaɗai ce mace, kuma sunan mahaifiyar Yelwa aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. A Malumfashi uwa ba ta yi wa ɗan fari wasa a gaban mutane, ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa. Amma a can da sauƙi, don akwai kaka da goggo da inna da za su yi wa yaro duk abin da uwa ta hana kanta. Yelwa ta ɗauko kunyar ta kawo London, ta baro goggonnin a gida. Sai ya zamana ranar Lahadi ce kaɗai hannunta ke daɗewa a jikin 'yarta, ranar kitso. Ita a ranta duk son da ba ta iya faɗa ba a cikin kitson nan take zuba shi, shi ya sa take ƙara tamkewa. Ita kuwa Ummi abin da ta sani, Lahadi ranar kuka ce.

Don a samu kukan ya ragu ne Yelwa ta sayo mata wata 'yar goɗiyar wasa. A kasuwar gwanjon da Turawa ke buɗe bayan motocinsu a fili ta gan ta, cikin kwalin tarkace: 'yar roba ruwan hoda da ba ta wuce tafin hannu ba, da geza da wutsiya masu sheƙi, har da ɗan burushinta. Tun a lokacin ma kwance ce, wata yarinyar ta gama yayinta. Ummi takan zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyin uwarta, hawaye na zuba, tana taje gezar a hankali. Sai ta sa yatsu biyu ta riƙe gindin gashin, ta faro daga baki tana hawa, tana raɗa wa roba, “Sorry, sorry.” Yelwa takan leƙo ta yi dariya, ta ce wa Damaris 'ya'yan Turai har roba suke ba wa haƙuri. Daga baya wasu dawakan suka biyo baya, da 'yan tsana, amma ta farin ita ce uwar garke. Yelwa ce ta raɗa mata Hajiya Babba, sunan kuwa ya bi ta.

Da Ummi ta shiga shekarun taurin kai, wata Asabar ta sauka shagon Baturken da ke aski a ƙasan benensu, ta dawo kai tal-kwabo. Ta tsaya a ƙofar kicin ta ce da Turanci daga yau an gama. Yelwa ta dube ta, ta juya ta ci gaba da girkinta. Gashi ya sake tsirowa, ya ma fi na da, amma hannun Yelwa bai ƙara hawa kan nan ba. Ummi ta girma, ta yi karatu, ta kama aikin ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ta kama ɗaki a Lewisham. Dawakan kuwa ba ta bar su ba, ƙaruwa ma suka yi. Tana farautar tsofaffi a intanet, tana zuwa taron masu irin wannan tarin, ta sayo musu kabad mai gilashi. Yelwa takan ce, “Mace da digirinta, tana kiwon roba.” Amma duk baƙuwar da ta zo kitso sai ta ji labarin kabad ɗin nan, a fakaice, kamar ana mita.

Sai ga aure ya taso. Wani ɗan Zariya ne, Nuruddeen, yaro mai kunya da cin tuwo da yawa, abubuwa biyun da Yelwa ke so a wajen suruki. Tun ranar da aka sa rana ta fara tsaga kan amarya a zuciyarta. Amaren da ta kitsa a garin nan ba su ƙirguwa, kuma ko wacce in ta tashi sai Yelwa ta ce a ranta, saura tawa. Ba ta tambaya ba, ina ita ina tambaya. Tana tsaye tana tuƙa tuwo Ummi ta shigo kicin tana latsa waya, ta ce, “Mama, na yi booking a wani salon a Lewisham, for the hair. Don ki huta.”

“Madalla,” in ji Yelwa.

Tuwon ranar ya sha muciya har Malam Nata'ala ya yaba laushinsa. Maganar gaskiya abin ya yi mata ciwo ƙwarai. A ce duk London an san hannunta, 'yarta ta cikinta ta kai kanta wajen wata ranar aurenta. Ta ga yadda mata za su ɗaga mayafi su tambaya, ta ga yadda za ta yi murmushi ta ce ai hidima ce ta yi mata yawa.

Ana saura 'yan makonni Ummi ta saki ɗakinta na Lewisham, gidan ango a Thamesmead kuma ana fenti. Sai ta kwaso garken a kwalaye ta kawo ajiya, ko wacce a naɗe cikin farar takarda. Ta tsaya tana kafa sharuɗɗa, rabi Hausa rabi Turanci. Kar a sa su a rana. Kar a kai su kusa da hita. Ta yi bayanin cewa roba ma tsufa take yi, gashin nan na wasu ya girme ta, ya bushe, ya yi rauni, kuma ba ya tsirowa, in ya tafi ya tafi ke nan. Daga ƙarshe ta dubi uwarta ido cikin ido.

“Mama, please. Kar ki taɓa gashin.”

“Ni me zan yi da gashin roba? Na mutane ma ya ishe ni.”

Yelwa ta yi ƙoƙari, a ba ta wannan. Ta yi kwanaki tana wuce kwalayen nan tana kawar da kai. Wata hantsi da babu mai kitso ta ce bari dai ta leƙa ta gaisa da Hajiya Babba. Da ta warware takardar sai da ta yi salati. Gezar da ta sani tana sheƙi ta koma busasshiya, ta cukurkuɗe kamar tsohon soson wanka, launin ya koɗe. Ta buɗe ta biyu, ta uku. Wata gashinta na danƙo, wata in ka taɓa sai ɗan gari ya zubo maka a yatsa. Wata 'yar tsana har ƙeyarta ta fara haske. Ran Yelwa ya ɓaci. Ita a iliminta gashi ba ya bushewa sai an hana shi abincinsa. Yarinyar nan ta sa su a gilashi tana kallo, ko ɗigon mai ba ta taɓa ba su ba. Wannan ai zalunci ne.

Ta ɗauko gwangwanin man kaɗanya. Ta jera wajen goma a kan tebur, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana murza mai a tafi tana shafe su tun daga gindi, tana 'yar waƙarta. Nan da nan suka ɗau ƙyalli, ta ja da baya ta dube su, ta ji daɗi har cikin ranta. To mai kitso in ta shafa mai, me ya rage? Ta ɗora Hajiya Babba a cinya, ta sa kibiya ta tsaga gezar gida uku, ta kama, ta ja yadda ta saba ja tun tana yarinya.

Ƙarar ba ta da yawa, ɗan ƙis ne kawai. Ta duba hannunta, ga geza gaba ɗaya a tsakanin yatsunta. Ta duba wuyan goɗiyar, babu komai sai 'yan ramuka a jere da guntayen gashi tsaye.

Malam Nata'ala ya sauke tabarau daga inda yake zaune, ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Na ji kamar an ce kar a taɓa.”

“Malam, ai na san an ce.”

Ya tashi ya sa hularsa ya tafi masallaci, alhali lokacin salla da saura.

Yelwa ta je ta ƙwanƙwasa wa Damaris, ta jawo ta. Matar nan da ta ga dawaki suna naso a kan tebur, ga ɗaya da sanƙo, sai da dariya ta zaunar da ita a ƙasa. “Maman Ummi! Man kaɗe? Me ya sa ba ki haɗa musu da lalle ba?” Da ta ga idon ƙawarta ya kawo ruwa sai ta haɗiye sauran, ta jawo waya. Suka lalubo bidiyon wata tsohuwar Baturiya mai gyaran irin waɗannan kayan. Abin da ta faɗa bai yi daɗin ji ba: mai ba ya shiga gashin roba, zama yake yi a kai ya kwashi ƙura, ya yi danƙo, ya ɓata jikin. Dole a wanke shi da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi, tun bai kama ba.

Damaris ta kawo shawarar a je kanti a sayo ƙarin gashi ruwan hoda a liƙa, wa zai sani. Yelwa ta girgiza kai. “Maman Obadiah, yarinyar da ke ganin ƙashin mutum ta cikin nama za ki ɓoye wa wannan?”

“To ko ba komai a rufa wa Hajiya asiri. Ba za ta tarbi amarya kai ba ɗankwali ba.” Damaris ta je ta yanko ƙyalle daga ragowar atamfar ankon bikin, ta ɗaura wa goɗiyar ɗauri mai tsini irin na manyan mata, har da ɗan turo shi gaba.

Aka kawo roba da ruwa, aka jingina wayar da kwalbar man gyaɗa. Yelwa tana tsaki, wai yau ita Baturiya ke koya wa gashi. Ta farkon da ta wanke, tana sa mataji silin gashi suka biyo shi. Ta dakata, ta matso da fuskarta kusa da wayar. Tsohuwar ta sa yatsu biyu ta riƙe gindin gezar, ta faro daga baki, kaɗan-kaɗan, tana hawa. Yelwa ta san hannun nan. Ta sha ganinsa ta saman kan wata 'yar yarinya mai hawaye, ko wace Lahadi, shekara da shekaru, tana dariya tana cewa ana ba roba haƙuri. Ashe nuna mata ake yi. Ta kife wayar.

Kwanakin da suka biyo baya ta sallami masu kitso, ta ce tana da manyan baƙi. Aikin ya ba ta wuya fiye da kan amarya. Yatsunta sun saba da umarni, yanzu an ce su yi lallashi. Da ta ji hannun na neman tamkewa sai ta saki, ta yarfe shi, ta sake farowa. In gashi ya sarƙe ba ta fizga, sai ta bi shi da bakin kibiya sili-sili har ya yarda. Wanda ta wanke ta taje, sai ta yi masa kitso sako-sako don kar ya sake cukurkuɗewa in ya bushe: wannan kalaba biyu, waccan ɗan zane, 'yar tsanar nan mai hasken ƙeya ta samu shukun da ya rufe mata wajen. Malam Nata'ala ya rantse ya ji ta tana ce wa wata shuɗiya sannu. Damaris kuwa ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu.

“Shekara nawa kina ɗaye mini fatar kai, ashe akwai wannan hannun a ajiye? Sai roba ce ta ci gadonsa?”

Ranar Asabar da la'asar Ummi ta zo gwada ɗinki. Yelwa ba ta bari ta ko cire takalmi ba, ta tare ta a ƙofa ta ce, “Na taɓa.”

Ummi ta wuce ta, ta shiga falo. Ga garke a jere a kan tebur, ga Hajiya Babba a gaba ta ci ɗaurin anko. Dariya ta kuɓuce mata kafin ta shirya, har da riƙe ciki. Sai ta ɗauki goɗiyar, ta ɗaga ɗankwalin, dariyar ta tsaya cak. Ta shafa 'yan ramukan da yatsa. Yelwa ta miƙo mata gezar, a naɗe cikin farar takardar, ta faɗi yadda aka yi ba ragi: man, da tsagar, da jan.

“I asked you one thing, Mama.” Ummi ta damƙe gezar a hannu. “Abu ɗaya.”

“Abu ɗaya kika ce. Ban ji ba.”

Ummi ta zauna a hannun kujera tana share ido da bayan hannu. Ta kai goɗiyar hancinta, don har yanzu da sauran ƙamshin man kaɗanya a jikinta, ta daɗe a haka. Can idonta ya sauka kan sauran. Ta ɗauki shuɗiyar, ta juya ta, ta duba gindin kitson kusa-kusa yadda take duba hoto a wajen aiki. Ta ɗauki 'yar tsanar mai shuku. Gashin da ita kanta ta daina tajewa don tsoro, ga shi a kitse, lumui, ba inda ya ɗaga.

“Wa ya yi wannan?”

“Ni.”

“Bai tsinke ba?”

“Ba na ja. Gindin nake riƙewa, in faro daga baki.”

Ummi ta ɗago ta dube ta. Da Hausarta mai ɗingishi ta ce, “Ashe kin iya mara zafi.”

“Ban iya ba. Satin nan na koya.” Yelwa ta dubi ƙasa, don maganar da ke tafe ba irin wadda ake yi wa 'yar fari ba ce. “Ke kina kuka, na ɗauka raki ne. Ita wannan ba ta yi kuka ba, sai kawai ta tsinke a hannuna.”

Malam Nata'ala ya ɗaga jarida ya rufe fuskarsa gaba ɗaya. Ummi ta mayar wa Hajiya Babba ɗankwalinta, ta gyara tsinin da kyau. Sai ta jawo matashi ta jefa a ƙasa gaban kujerar uwarta, ta zauna, ta zare mayafinta. Gashi ya baje, baƙi wuluk, cike da kai.

“Gwaji ne kawai,” in ji ta, ba ta waiwayo ba. “Ban yi cancel ba.”

Yelwa ta goge tafinta a zane, ta sake gogewa. Ta zauna, gwiwoyinta suka sami kafaɗun nan a inda suka bar su. Ta lakato mai, wannan karon a inda yake da amfani, ta sa yatsu biyu ta riƙe gindi, ta faro daga baki. Ummi na riƙe da goɗiyar a cinya, wuyanta a sandare tana jiran zafi. Tsaga ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. A hankali kafaɗun suka sauka. Kafin a kai tsakiyar kai, kan ya karkata ya kwanta a gwiwar Yelwa, numfashi ya canza. A duk shekarunta na kitso ba a taɓa yin barci a hannunta ba. Damaris ta turo ƙofa da baki buɗe, Yelwa ta zare mata ido ta nuna mata kujera, ta zauna kamar a coci.

Wayar Ummi ce ta katse shirun, tana ruri a kan tebur. Malam Nata'ala ya leƙa ya ce masu salon ne. Ummi ba ta buɗe ido ba, ba ta ɗaga kai daga gwiwar ba.

“Baba, ɗauka,” ta ce cikin magagi. “Ka ce musu an yi cancel.”

Damaris ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka buga bango. Yelwa ta sunkuyar da kai sosai, wai tana neman tsaga, don kar a ga fuskarta. Matajin na hannunta, ta juya bayansa kamar yadda ta saba, sai ta ajiye shi a gefe. Ta sa tafinta ta tallafo kan, ta ce, “Gyara zama, Ummina, saura kaɗan.”